Alƙaluman da muke tafa wa, da waɗanda muke toshe wa kunne

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na faɗe ta. Duk lokacin da gardamar Kano da Legas ta tashi a Facebook, ba ka rasa ɗan Arewa da zai zaro maka alƙaluman ƙidayar 2006 da ka, ko takarda bai duba ba: Kano mutum miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, ƙasa baki ɗaya miliyan 140. Mun haddace su, muna kare su da iya ƙarfinmu, in wani ya ce an yi aringizo sai mu ce ai hukumar gwamnati ce ta ƙirga. To madalla. Amma ita wannan hukumar dai, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ita ce ta gudanar da babban binciken lafiyar iyali na 2018, kuma ita ce ta ce a Jihar Kebbi, cikin yara 1,000 da aka haifa da rai, 252 ba sa kaiwa shekara biyar. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A Jihar Ogun kuwa 30 ne. Mutum nawa ne a cikinmu ya haddace wannan? In ka kawo shi a majalisa, kafin ka rufe baki wani ya ce sharrin Turawa ne, wani ya ce so ake a ɓata Arewa.

Ba zai yiwu hukuma ɗaya ta zama mai gaskiya ranar da ta ce muna da yawa, ta koma maƙaryaciya ranar da ta ce 'ya'yanmu suna mutuwa ba.

Mutanenmu na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Haka ne, sai dai ido unguwarsu kawai yake gani. Wanda ke zaune a Nasarawa GRA a Kano, da wanda ke wani ƙauye a bakin iyakar Kebbi da Nijar, kowanne zai rantse maka ya san halin da Arewa take ciki, kuma kowanne abin da ya gani ya faɗa. Ku dubi yadda mutuwar ƙaramin yaro take a karkara. Zazzaɓi ya kama shi da dare, ya cika da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Maƙwabta su yi gaisuwa, a ce Allah ya sa mai ceto ne, uwa ta haɗiye baƙin cikinta. Babu inda aka rubuta. Ita a wajenta abu ne da ya same ta ita kaɗai, haka ma uwar da ke ƙauyen gaba take gani. Sai ranar da wani ya bi gida-gida ya tambayi mata dubbai, ya tara amsoshinsu wuri guda, sannan ake gane cewa abin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Daga nan ne tambayoyi suke samun wurin tsayawa: ƙyanda ce ko zazzaɓin cizon sauro? Ruwan da ake sha daga ina yake? Tafiyar awa nawa ce zuwa asibitin da ke da ma'aikaci da magani? Mun yi imani da ƙaddara, kuma imanin bai hana mu bin sababi ba. Allahn da ya halicci yaron Ogun shi ya halicci na Kebbi, bambancin yana cikin abin da shugabanni da iyaye suka yi ko suka bari.

Na san tambayar da ake yi: ni ba wanda ya zo gidana, ta yaya suka san halin da nake ciki? Tambaya ce mai kyau. Ku je Dawanau ku ga yadda mai sayen hatsi yake yi. Ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya-ƙwaya. Ƙarfe yake sokawa a sama, ya soka a tsakiya, ya soka a gindi, abin da ya fito ya gaya masa ko an cusa ƙaiƙayi a ciki. Masu irin wannan bincike ma haka suke yi, sai dai su ƙuri'a ce take zaɓar musu unguwanni da gidajen da za su shiga, don kada son rai ya shigo. A binciken 2018 mata sama da 41,000 aka yi hira da su a duk jihohin ƙasar nan. In an yi zaɓen gidajen bisa ƙa'ida, wannan ya isa a san hoton kowace jiha, ko da ba zai gaya maka labarin gidanka kai kaɗai ba.

A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta fitar da rahoton talauci wanda bai tsaya ga kuɗin aljihu ba. Ya duba abinci, da karatun yara, da ruwan sha, da banɗaki, da makamashin girki, da nisan asibiti, da aikin yi, da matsalar tsaro. Ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin wannan hali, kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91, Ondo ce a ƙasa da kashi 27. Masu cewa an shirya rahoton ne don a kunyata mu, su duba jihar da ke bin Sakkwato a jerin: Bayelsa ce, jihar man fetur, a can ƙuryar Kudu. Da makirci ne da ba a sa ta a nan ba. Abin da ya kamata ɗan Sakkwato ko ɗan Jigawa ya yi da wannan rahoto shi ne ya riƙe shi ya tari ɗan majalisarsa da shi lokacin kamfe, ya ce ranka ya daɗe, ga inda muke a 2022, ina ka kai mu? Ɗan siyasa yana iya musa ra'ayinka, ya ce adawa ce. Takardar da gwamnatinsa ta buga da hannunta kuwa, musa ta sai da kunya.

Ba ina cewa duk adadin da ya fito daga Abuja a haɗiye shi ba tauna ba. Akwai wuraren da mutane suke da hujjar yin fushi, kuma a nan ne nake ganin mun fi bukatar karatun alƙaluma.

Ɗauki maganar rashin aikin yi. A ƙarshen 2020 NBS ta ce kashi 33.3 ne. Da ta dawo a 2023 sai ga shi ta ce kashi 4.1. Mutane suka yi ta tsinuwa, wasu 'yan kanzagin gwamnati kuma suka yi ta murna kamar an buɗe masana'antun Sharaɗa da Bompai gaba ɗaya. Alhali ma'aunin ne ya canza. A da, sai ka yi aikin awa 20 a mako ake lissafa ka cikin masu aiki. A sabon tsarin, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, in ka yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi, ka shiga sahun masu aiki. Saboda haka matashin da ya gama digiri yake taya yayansa zaman shago ranar Asabar, shi ma mai aiki ne a wannan lissafi. Hukumar ba ta ɓoye wannan ba, ta rubuta shi. Kuma a cikin rahoton nan dai ta ce sama da kashi 90 na masu aikin, buga-buga ce suke yi, ba albashi tsayayye, ba fansho. Wannan shi ne ainihin labarin, yana nan a shafukan ciki, amma kanun labarai suka ɗauki 4.1 suka gudu da shi. Ni ina ganin ma'aunin awa ɗaya bai dace da ƙasar da babu tallafin marasa aiki ba, domin a nan ko ba ka so dole ka fita ka yi wani abu ka ci. Amma ban isa in yi wannan gardamar ba sai da na san yadda aka auna.

Haka hauhawar farashi. A Disamban 2024 an ce kashi 34.8 ce, a Janairun 2025 aka ce 24.48. Wata guda! Babu abin da ya sauka haka a kasuwar Singa ko ta 'Yankaba. Abin da ya faru shi ne an sabunta kwandon kayan da ake bin farashinsu, an matsar da shekarar da ake kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024, an kuma rage nauyin abinci a lissafin daga sama da rabi zuwa kusan kashi 40. Sabuntawar kanta ba laifi ba ce, don abin da mutane ke kashe wa kuɗi yau ba shi ne na 2009 ba, ku tuna ko kuɗin data kaɗai. Sai dai talakan da kusan duk abin da ya samu a tukunya yake ƙarewa, wannan matsakaicin lissafi ba ya nuna zafin da yake ji. Sannan ga wani abu da ya kamata kowane mai sauraren rediyo ya riƙe: in an ce hauhawar farashi ta sauka, ba a ce kaya sun yi sauƙi ba. Misali, kwanon da ake sayarwa naira 1,000 in ya hau da kashi 35 ya zama 1,350. In shekara ta zagayo hauhawar ta sauka zuwa kashi 24, kwanon nan ya kai wajen 1,670. Tsadar tana nan tana ƙaruwa, gudunta ne ya ragu. Rashin bayyana wannan a fili shi ke sa uwar gida ta ji labarai ta ce ƙarya suke yi, daga nan kuma ta daina yarda da komai.

Rashin yardar nan tana da tarihi, ban raina shi ba. Kakanninmu sun san cewa in baƙo ya zo yana ƙirga kawuna, haraji ne ke biye da shi, in ya ƙirga shanu, jangali ne. Ɓoye yaro da kora garke daji dabarar tsira ce a wancan zamani. Har sai 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Bayan samun 'yancin kai kuma sai abin ya juye, ƙidaya ta zama gasar yawa. An soke ta 1962, an yi rigima kan ta 1963, an soke ta 1973 ɗungurungum. Dalilin a bayyane yake: da yawan jama'a ake raba kujerun Majalisar Wakilai, kuma kashi 30 na kuɗin da jihohi ke rabawa tsakaninsu daga asusun tarayya kan yawan jama'a yake tafiya. Ko a 2006 Legas ba ta yarda ba, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Shi ya sa kowane ɓangare yake tsoron ƙidaya kamar zaɓe.

Sakamakon shi ne tun watan Maris na 2006 ba a sake ƙirga mu ba. Wadda aka shirya yi a Mayun 2023 an ɗage ta ana saura kwanaki. Jaririn da aka haifa a makon waccan ƙidaya ya isa kaɗa ƙuri'a tun 2024. A tsakanin nan Boko Haram ta tarwatsa garuruwa, Maiduguri ta cika ta batse da 'yan gudun hijira, ƙauyuka a Zamfara da Katsina sun zama kufai, mutanensu sun koma Gusau da Funtuwa da gefen Kano. Duk wanda ya ce maka mu miliyan 200 da kaza ne, hasashe yake yi a kan lissafin da aka yi kafin duk wannan. Da wane adadi ake yanke yawan azuzuwan da za a gina a Rigasa, ko allurar rigakafin da za a aika Jere? Ghana ta yi tata ƙidayar a 2021, da na'urorin hannu, ta samu mutum miliyan 30.8, kuma ƙasar ba ta tsage ba.

Masu ganin ƙirga mutane baƙon abu ne a addini, su tambayi malamai. Ya tabbata a hadisin Huzaifa cewa Annabi (SAW) ya sa a rubuta masa adadin waɗanda suka musulunta, kuma Sayyidina Umar ya kafa diwani aka rubuta sunayen mutane don a san haƙƙin kowa a baitulmali.

Ina da roƙo ga gidajen rediyonmu na Kano da Kaduna da Sakkwato da sauransu. NBS tana fitar da farashin kayan abinci, da na fetur, da na kananzir, da kuɗin mota, jiha-jiha. Duk da Turanci suke, a intanet, inda manomi da mai koko ba za su taɓa gani ba. Ku ware ko minti goma a mako ku karanta su da Hausa, ku faɗi yadda aka auna, ku buɗe layi 'yan kasuwa su ce ya yi daidai da abin da suke gani ko bai yi ba. In alƙaluman sun kauce, a nan za a kama su.

Mu kuma iyaye, namu aikin yana bakin ƙofa. In ma'aikacin bincike ya yi sallama da katin shaidarsa, a ba shi amsa ta gaskiya, kada a ƙara 'ya'ya don ana zaton rabon tallafi ne, kada a rage don tsoron baki. Maigida ya bar matan gida su amsa tambayoyin da suka shafe su, don su suka san cikin da ya zube da yaron da aka rasa. A binciken nan na 2018, kashi 43 kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya. Wanda ya iya sayen ragon suna, zuwa ofishin Hukumar Ƙidaya na ƙaramar hukumarsa a rubuta sunan jaririn ba zai gagare shi ba.