Sau biyu na gyara banɗakina, na farkon da guduma ya ƙare

Jama'a, tun da na ɗora hoton banɗakin nan ake ta tambayata, wai da gaske ni na yi da hannuna? Ni na yi. Abin da hoton bai faɗa muku ba shi ne, wannan karo na biyu ne. Na farkon ni na shimfiɗa shi, ni kuma na sa guduma na farfashe shi bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, ina dukan tayil zuciyata na ƙuna.

Ni dai a ganina duk mai lafiya da haƙuri zai iya gyara banɗakinsa. Sai dai yawancinmu ido muke yi wa aikin, ruwa kuwa ba ruwansa da kyan tayil. Inda ya ga gangara nan zai bi, inda ya ga tsaga nan zai shiga ya kwanta.

A karon farko kwana uku na yi ina zaɓen launi, amma ko minti goma ban ɓata kan gangarar daɓe ba. Na yi shi lebur sumul kamar na falo, har ina yabon kaina. Ranar da aka fara wanka, ruwa ya ƙi zuwa rariya, ya taru a kusurwar bayan ƙofa. Muka mai da shara da tsintsiya al'ada bayan kowane wanka. Ashe abin da ake so shi ne daɓen ya riƙa sauka wajen rariya da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Ɗan wannan kaɗai. Ƙafa ba ta ma jin sa, amma ruwa ya san da shi.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babban kuskuren shi ne na ɗauka tayil na hana ruwa wucewa. Shi kansa tayil ɗin ƙila ya hana, amma simintin da ake cike tsakaninsu da shi yana shan ruwa, a hankali yake tsotsa yana miƙa wa abin da ke ƙasa. Ban shafa maganin hana ratsawar ruwa kafin shimfiɗa ba, don ban ma san ana yi ba. Wata takwas sai fentin ɗakin da ke jikin banɗakin ya fara kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, ga warin danshi, ga funfuna baƙa a bayan durowa. Uwargida ta dube ni, ta dubi bangon, ba ta ce komai ba. Da ma faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Da na dawo karo na biyu, na shafa maganin nan shafi biyu, na haura da shi jikin bango, wajen shawa kuwa har sama da kaina, na bi kusurwoyi da bakin rariya da kyau tun da can ne ya fi tsagewa. Da ya bushe na toshe rariya, na cika wajen da ruwa, na yi alama da fensir, na bar shi awa 24. Washegari ruwan na kan alamarsa. Sannan na taɓa tayil. Shi ma da na liƙa, sai da na ba gam ɗin kwana guda cur kafin in taka ko in cike tsakani. Sauri kan haifi nawa, ni shaida ne. A inda bango ya haɗu da daɓe kuma silikon na zuba, wato gam mai laushi kamar roba, domin wajen yana ɗan motsi, siminti tsagewa yake yi.

Ku sayi tayil da rarar kashi 10 cikin 100. Za ku fasa wasu wajen yanka, kuma in kun koma nema ba lallai launin ya zo daidai ba.

Sai bututu. Canza kan famfo, ɗaura shawa, naɗa farin tef a bakin bututu inda ake murɗawa, duk wannan kowa ya yi, in ya ɗiga ka kwance ka sake. Amma bututun da za a binne a bango, kada ka rufe shi sai ka sakar masa ruwa ya wuni ka ga ba ya gumi, kuma ka ɗauki hotonsa da waya kafin filasta. Wata rana za ka zo huda bango don rataye madubi, hoton nan ne zai cece ka. Shi kuma lanƙwasasshen bututun da ke ƙarƙashin wajen wanke hannu, kada wani ya ce maka ado ne ka miƙar da shi. Ɗan ruwan da ke kwanciya a gwiwarsa, kamar santimita 5, shi ke tare warin kwata kada ya dawo cikin gida.

Inda na ja birki shi ne lantarki. A nan ba na jin kunyar kiran mai sana'a, kuma duk wanda ya ce mini ya haɗa hita, wato na'urar dumama ruwa, da kansa don ya kalli bidiyo, ba na yaba masa. Jiƙaƙƙen jiki, ƙafa ba takalmi, ga ƙarfen shawa a hannu. Hita na buƙatar wayar ƙasa ta gaske, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, da na'urar nan mai katse wuta nan take in ta ji ɗan yoyon wuta na miliamfiya 30. Kuskuren tayil kuɗi yake ci, ka yi tsaki ka sake. Na wuta ba ya ba ka damar yin tsakin.

Masu cewa ai da tun farko na kira birkila da ban yi asara ba, suna da gaskiyarsu. Amma na sha shiga banɗakin da ƙwararre ya yi, ruwa na kwance a kusurwa kamar nawa na da, saboda mai gidan bai san abin da zai tsaya ya duba ba.

In kun lura da kyau a hoton, akwai tayil ɗaya a gefen taga da ya ɗan karkace. Na gan shi tun gam bai kama ba, na gaji, na ƙyale shi. Ruwa ba ya zuwa wajen.