Mai jinya ce ta fara tambayar inshorar tsufa a gidanmu

Shekara uku Baba ya yi a kwance bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙanwata ce ta ɗauki jinyar, ta ajiye koyarwar da take yi a firamare saboda dole a dinga juya shi duk bayan awa biyu kar bayansa ya yi gyambo, ga canjin famfas, ga kunu da ake ba shi cokali cokali kar ya ƙware. Mu maza dai muna turo kuɗi, ran Juma'a mu zo mu gaishe shi mu tafi. Ita ce take farke ƙarfe uku na dare.

Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ita ta fara tambaya wai babu wani tsari da mutum zai dinga zuba kuɗi tun yana da ƙarfi, in ya kwanta a samu abin biyan mai kula da shi? Yaya ya ce mata haba, ai wannan zargin 'ya'yanki ne tun ba su girma ba. Ta ce Yaya ba zarginsu nake ba, tausayinsu nake ji. Wallahi ni ina bayanta, don na lura wanda ya yi jinya da hannunsa daban yake lissafin tsufa da wanda ya yi ta da aljihu kawai.

Tsarin da take nema akwai shi a duniya. Jamus ta kafa inshorar kula ta dogon lokaci a 1995, kuma dole ce, in iyali ne suke jinya a gida ana ba mara lafiyan kuɗi duk wata ya sallami mai kula da shi. Japan ta fara tata a 2000, daga shekara 40 kowa yake biya, amma su ma'aikata ake turowa gida, sun ƙi ba da kuɗi a hannu, har da tsoron kar a ƙara ɗaure mata da surukai a bakin gado. A Amurka kuma Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnati don tsofaffi, ba ya biyan doguwar jinya irin ta wanka da ciyarwa, sai dai ka sayi inshorar kamfani mai tsada, ko ka cinye abin da ka tara kafin Medicaid, shirin gwamnati na marasa hali, ya karɓe ka.

Mu a Najeriya dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta wajabta inshorar lafiya, amma maganar asibiti da magani ce. Da zarar an sallami tsoho ya koma ɗakinsa, shikenan, komai ya dawo kan 'yarsa ko matar ɗansa.

Na san wasu za su ce biyayyar iyaye ibada ce, ba a karɓar lada a kanta. Ba wanda ya musa. Amma albashin da ƙanwata ta rasa ba ya dawowa, kuma ba mu taɓa zama mun lissafa shi cikin kuɗin jinyar ba, abin yana damuna har yau. Mai ƙyamar inshora saboda riba ko garari (rashin tabbas a ciniki), ai akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, a ƙasar nan, irin tsarin Jamus nake so su duba, wanda zai biya mai jinya a gida, tunda mu ba kai iyaye gidan tsofaffi za mu yi ba.

Ƙanwata ba ta jira kowa ba, ta shiga adashe, kwasarta tana zuwa wani asusu da ta ce na ranar kwanciyarta ne. Wata biyu kenan nima ina zuba mata a ciki.