Kafin ka ɗora wa Hilux ɗinka manyan tayoyi

Yanzu abin ya zama yayi. Mutum ya sayi Hilux, ko sabawa da ita bai gama yi ba, sai ya garzaya wurin masu taya a cire na kamfani a ɗora ƙatti. Motar takan yi kwarjini, ban musa ba, kuma mai shiga ƙauye da damina yana da hujja, don cikinta yakan ƙara nisa da ƙasa. Abin da ke damuna shi ne da yawanmu ba mu san cewa daga ranar nan mitar gudu ta daina faɗa mana gaskiya ba.

Mota juyin taya take ƙirgawa, ta yi lissafi da girman da aka saita mata tun daga kamfani. Sunkuya ka duba gefen tayarka, za ka ga rubutu irin 265/65R17. Tsayin wannan tayar kusan milimita 776 ne. In ka canza ta da 285/70R17, tsayin ya kai wajen 831, wato kowane juyi ya ƙara cin ƙasa da kusan kashi 7 cikin ɗari. Gaskiya ne kamfanoni kan sa allura ta ɗan nuna sama da ainihin gudu, amma babbar taya takan cinye wannan rarar har ta wuce. A lissafi, in allura na kan 120 a hanyar Kaduna zuwa Zariya, kana iya kaiwa 128, ga taya mai nauyi wadda birki sai ya sha wuya kafin ya tsayar da ita. Allah ya kiyaye ɗan acaɓa ya faɗo maka a wannan hali.

Sai batun mai, kuma nan ne ake zaluntar direbobi. Mileji ma da juyin taya yake tafiya. Direba ya yi tafiyar kilomita 535, mita ta rubuta 500. Oga ya zauna da biro ya raba da litar da aka sha, ya ga ba ta yi daidai ba, sai zargi ya fara: "Malam, ina man ya tafi?" Bawan Allah ya yi ta rantsuwa, alhali tayar da ogan ya saya da kansa ce ta ɓata lissafin. Ga kuma ƙarin shan mai na gaske a kai, domin taya mai faɗi da manyan haƙora ta fi nauyi, ta fi riƙe kwalta, dole ka ƙara taka totur wajen tashi da hawan tudu, motar kuma ta ƙara tsayi tana karo da iska. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wa ke da litar zubarwa? Ko juyen baƙin mai yakan makara, don kilomita 5,000 ɗin da ka gani a mita ta kai 5,350.

In har sai ka sa manyan tayoyin, to ka gwada mitarka. Ka sami miƙaƙƙen titi, wanda ke gefenka ya buɗe Google Maps a waya, ku kwatanta gudun da ta nuna da na allura. Wasu motocin makaniken kwamfuta na iya sake saita musu mita. In kuwa zirga-zirgarka duk a kwalta ce, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, girman tayar da aka ƙera motar da shi yana nan a rubuce, shi za ka saya.