A Bukukuwan Maradi An Mai da Mai Algaita Kayan Hoto

Wani sabon yayi ya shigo bukukuwan Maradi, kuma duk wanda ya zagaya gidajen aure a kakar nan ya gan shi. Ana ɗauko mai algaita, a sa shi ya sha babbar riga da rawani, a tsayar da shi bakin ƙofar da ango da amarya za su shigo, mai kamara ya ɗauke shi kumatu a kumbure, sannan a sallame shi. Sautin da za ka ji a bidiyon da za a watsa a WhatsApp da TikTok ba nasa ba ne. Na DJ ne, wanda ya sauke busar wani a memori ya haɗa ta da kiɗan fiyano. A wasu wuraren ma tun a filin ake raɗa wa mutumin cewa ya sa algaita a baki amma kada ya busa da ƙarfi, wai zai ɓata wa lasifika sauti. Ka ji fa. An ɗauko mabushi, an roƙe shi ya yi shiru.

Wannan kaɗai ya isa haushi, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne batun kuɗin. Duba takardar lissafin kowane bikin da ake ji da shi a unguwar Ali Ɗan Tsoho ko unguwar Zariya. Mai rumfa da kujeru yana da farashinsa, kuma sai an ba shi kafin alƙalami yake ɗora kaya a mota. Mai injin wuta haka, kuɗin mai ma daban. DJ ba ya kunna ko waƙa ɗaya sai ya ga rabin kuɗinsa a hannu. Mai kwalliyar amarya, mai lalle, mai hoto, masu girki, kowa an san nasa tun kafin a raba goro. Sai an zo kan mai algaita a ce, "Ai Baba zai samu liƙi." Wane liƙi? Liƙi yana zuba ne inda amarya take rawa, amarya kuwa gaban lasifika take rawa, a lokacin da an riga an danƙa wa dattijon jika ɗaya ko biyu an ce ya hau kabu-kabu. A cikin wannan zai fitar wa mai gangar da ya rako shi, da yaron da ke riƙe masa kaya.

Masu shirya bukukuwa, wannan sabuwar sana'ar da ta tsiro mana, amsarsu a shirye take. Sukan ce busa ai busa ce, ko daga bakin mutum ta fito ko daga memori, kuma ta memori ta fi fita tas, ba ta gajiya, ba ta neman abinci. Wanda ya faɗi haka bai taɓa sauraren algaita ba, ƙararta kawai ya taɓa ji.

Algaita magana take yi. Kalmomin Hausa suna da hawa da sauka a murya, shi ya sa gwanin mabushi yake iya ɗora su kan ƴan ramukan nan na jikinta har wanda kunnensa ya saba ya tsinci abin da ake cewa. Take ke nan. Sarki na da nasa, hakimai da sauran masu sarauta suna da nasu, tsofaffin gidaje kuma akwai kirarin da aka san su da shi tun kaka da kakanni. Saboda haka aikin mai algaita a wurin biki daga ido yake farawa. Yana tsaye yana lura da masu shigowa. Ya hango kawun amarya da ya taso daga Tsibiri, ya san Bagobiri ne, ya san gidan da ya fito, sai ya karya busar da yake yi ya ɗauko tasa. Dattijo ya ja ya tsaya, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, mata su rangaɗa guɗa. A ɗan wannan lokacin an sanar da dangin ango, ba tare da wani ya buɗe baki ba, cewa yarinyar nan da za a kai musu tana da baya. Memori kuwa ba ta san kawu ba. Abin da aka zuba mata a wani shago a Kano shi za ta amayar a unguwar Bagalam, kuma sau da yawa taken wani basarake ne na wata ƙasa ake sakar wa ango, shi ko yana ta murmushi yana ɗaga hannu, bai san wani ake kira ba.

Sannan a dubi abin da busar take ci a jikin mai yin ta. Algaita itace ce da aka fafe aka lulluɓe da fata, ƙarshenta buɗaɗɗen baki na ƙarfe, samanta kuma ɗan siririn karan da mabushi ke cusawa gaba ɗaya cikin bakinsa, leɓɓansa dafe da ɗan faifan da ke tare su. Kumburin kumatun da masu kamara ke so, ba ado ba ne. Nan yake tara iska, yana matse ta da kunci yana turawa, a lokaci guda yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa ko da an daɗe ana busa. Yaro yakan shafe shekaru a bayan ubansa kafin ya iya wannan, kafin ma a zo batun haddace taken gidaje. Mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa ga wannan shi ake ce wa ya jira liƙi, a ba wanda ya kawo kwamfuta da wayoyi kuɗi a dunƙule. Ban raina DJ ba, shi ma neman halalinsa yake, kuma ya fi mu wayo tunda ya san yadda ake yanka farashi. Masu biyan nake tuhuma.

Abin ya fi muni da ya zamana a Maradi ake yin sa. Garin nan kan sarauta ya ginu. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi ta yawo har Ɗan Kasawa ya zo ya kafa shi a bakin gulbin nan, Gobirawa kuma daga baya suka zauna a Tsibiri. Mutanen da suka rasa birni da ganuwa ba su yarda sun rasa tambari da busa ba, don su ne shaidar cewa sarautar tana nan da ranta. Har gobe ranar hawan salla da su ake sanin sarki ya fito. A fadojin ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Busa, akwai kuma sara, kiɗa da busar da ake yi a ƙofar fada daren Juma'a. Jikokin waɗanda suka riƙe wa kakanninmu wannan a lokacin gudun hijira su ne yau muke jerawa a bakin ƙofa tare da furannin roba.

A nan zan ɗan ratse, don akwai masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Wasu masu hannu da shuni sun fara neman a busa wa ƴaƴansu kakaki ranar ɗaurin aure, wai don a san ba ƙaramin gida ba ne. Kakaki ba na haya ba ne. Tun zamanin Muhammadu Rumfa na Kano, a ƙarni na 15, ake danganta shi da sarauta, kuma sarki ake busa wa. Algaita ce ta iya fita daga fada ta shiga gari, ta raka ango, ta tarbi baƙi. Mai son a girmama busa ya fara da sanin wacce ce tasa.

Za a ce mini rayuwa ta yi tsada, kuma tun rufe iyaka da Najeriya a 2023 kasuwar Maradi take jan ƙafa, don haka dole a rage kashe kuɗi. Na yarda, amma gidan da ya fitar da anko kala uku, ya kama zauren biki, ya cika akwatunan lefe har ana nuna su a waya, ba a kan mai algaita ya kamata tsimi ya tuna da shi ba. Waɗanda suka ce su ba su son kiɗa da busa a aurensu saboda fahimtarsu ta addini, ba da su nake ba: sun ɗaura aure, sun yi walima, sun watse, ba su ci haƙƙin kowa ba. Masu cewa kuma zamani ne ya zo da haka, su gaya mana me ya sa zamanin bai hana su son hoton algaitar ba.

Sai ƴan boko masu kishin al'ada ta baki, waɗanda maganinsu kullum shi ne a shirya gasa, a yi taro, a ajiye kayan kiɗa a gidan tarihi. Muna da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, an yi gasar Ɗan Gurmu shekara da shekaru, kuma ba wanda zai ce ba su yi amfani ba. Amma gasa sau ɗaya take zuwa, tukunya kuwa kullum ake ɗora ta. Fada ma ba ta iya ciyar da mabusa kamar da, tunda sarakunan yanzu ba su da gandu da harajin da kakanninsu ke rabawa. Abin da ya rage wa mai algaita shi ne biki: aure, suna, naɗin sarauta, tarbar alhazai. Idan aka toshe masa wannan, ɗansa ba zai zauna koyon numfashi ta hanci ba, babur zai nema ya shiga kabu-kabu, kuma ba mai ganin laifinsa. Mun ga yadda irin wannan take ƙarewa. Biram, kayan kiɗan Buduma na tafkin Cadi, saura ƙiris ya ɓace, sai da marigayi Malam Maman Barka ya tafi a 2002 da tallafin UNESCO ya zauna wurin tsohon da ya rage yana iya kaɗa shi. Shi kansa Malam Barka ya rasu a 2018. Ba kowane kayan kiɗa ne zai yi sa'ar samun mutum irinsa ba, kuma abin kunya ne gari mai yawan alhazai kamar Maradi ya zauna jiran Turawa su biya kuɗin ceto masa algaita.

Sarewa ma halin da take ciki ke nan, ko ma ya fi. Ita muryarta sanyi gare ta, ta makiyaya ce da dare da fili, ba ta iya ja da lasifika ko na minti ɗaya. Yakuba Mumuni na ƙungiyar Mamar Kassey ya kai sarewar Nijar manyan dandamali a Turai, mutane suka biya kuɗi suka zauna tsit suna saurare. A nan gida, in an yi sa'a an kira mai sarewa zaman abokan ango, sai a ajiye shi kusa da injin wuta.

Na san abin da matan da ke riƙe da lissafin biki za su ce, kuma suna da gaskiya a ciki. Wasu mabusan da maroƙan da ke bin su sukan faɗo biki ba gayyata, su tsare baƙo da busa a kunne har sai ya zaro wani abu don kunya, su ƙi tafiya. Wannan ya sa gidaje da yawa suke gudun su. To amma wa ya koya musu? Mutumin da aka hana wa farashi, aka ce abincinsa yana aljihun baƙi, dole ya bi aljihun baƙi. Ka yanka masa kuɗinsa tun farko, ka ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ka ga ko zai tsaya bin kowa. Raina sana'ar da muke yi da sunan roƙo ce, mu ne muke mai da ita roƙon.

Gyaran ba wani mai wuya ba ne. Uwar biki ko waliyyin da ke rubuta masu aiki ya sa sunan mai busa a layi ɗaya da mai rumfa, a yi ciniki da shi kwanaki kafin ranar, a gaya masa gidajen da za su halarta don ya shirya takensu. A ware masa lokacinsa, musamman tarbar baƙi da rakiyar ango, a kashe lasifika ɗungurungum, algaita ba ta taɓa buƙatar makirfo ba. Liƙi in ya zo ƙari ne. Fadar Katsinan Maradi da ta Gobir suna iya tara shugabannin mabusa su tsayar da mafi ƙarancin abin da za a riƙa biya, don kada yunwa ta sa wani ya karya wa ɗan'uwansa kasuwa. Hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA, ita ma ta leƙa cikin memorin nan ta tambayi busar wa ake sayarwa a kowane Asabar da Lahadi. Su kuma mabusa, kafin watan Sha'aban ya kawo cunkoson aure, su haɗa baki su ƙi fita sai an aza kafin alƙalami. Masu shirya biki za su nemo kuɗin, yadda suke nemo na man injin wuta ko lita ta kai nawa.