Otal ɗin da na je kwana a Nuwadibu

Sarin busasshen kifi ne ya kai mu Nuwadibu ni da maigidana Alhaji, bayan mun sha kusan kilomita 470 daga Nuwakshot. Garin yana kan wani siririn harshen ƙasa da ya kutsa cikin tekun Atlantika, rairayi ne zalla, ruwa dama da hagu. Ɓangaren gabas na Muritaniya ne, na yamma kuma Yammacin Sahara.

Tun a hanya nake nuna wa Alhaji hoton wani otal da na gani a Facebook, da itatuwan dabino da wurin wanka shuɗi shar. Ya ce shi kifi ya kawo shi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na zuba babbar rigata ta shadda, na kafa hula zanna bukar, na tare wata tsohuwar Marsandi. Direban yana jin Hassaniyya, wato Larabcin mutanen ƙasar, da Faransanci, ni kuwa Larabcin makarantar allo kawai nake da shi. Na nuna masa hoton, ya yi wani murmushi ya ce in shiga.

Muka yi arewa zuwa gaɓar da suke kira Baie de l'Étoile. Ya taka birki a gaban wani ƙaton allon talla da rana ta cinye, ya ce mun iso. Ga hoton nan dai a jikin allon, har da dabinon. Bayansa kuwa katangar bulo ce da ba ta kai ƙuguna ba, sai akuya ɗaya tana cin buhun siminti, da wani dattijo maigadi yana hura gawayi.

Na yi sallama na ce, "Baba, ina otal ɗin?"

Ya nuna filin da butar shayi ya ce, "In sha Allah."

Ya zaunar da ni shan shayi, kofi uku kamar yadda al'adarsu take, kowane kofi da rabonsa na yashi. Da taimakon direba da nunin hannu na tsinci labarin. Baƙi 'yan yawon buɗe ido sun janye daga ƙasar bayan da aka kashe Faransawa huɗu kusa da garin Aleg a ƙarshen 2007, har aka soke tseren motocin Dakar na 2008. A 2013 aka mayar da garin yankin kasuwanci mai rangwamen haraji, aka yi ta maganar otal-otal a bakin ruwa. Abin da ya fi saurin tsirowa shi ne masana'antun garin kifi, kuma hancina ya riga ya shaida hakan. Dattijon ma har ɗakina ya nuna mini, wai hawa na biyu, yana kallon teku. Na ɗaga kai, tsuntsu ne yake wucewa ta wurin.

Don kada kuɗin mota ya tafi a banza, na ce a kai ni ƙarshen harshen ƙasar, Cap Blanc, inda karnukan teku da suka kusa ƙarewa a duniya suke fakewa. A hanya muka tsaya jirgin ƙasan tama da ke zuwa daga Zuwerat ya wuce. Tsawonsa ya haura kilomita biyu. Na fito in ɗauki hoto, iska ta cika babbar rigata ta ɗaga ta sama ta rufe mini fuska, ta fizge hular ta yi cikin rairayi da ita.

Na ɗiba a guje. Direba ya ƙwalla ihu yana "Bum! Bum!" yana watsa hannuwa sama. Ashe wajen iyakar nan akwai nakiyoyin da aka binne tun yaƙin Sahara na shekarun 1970. Na ƙame da ƙafa ɗaya a sama. Da baya da baya na dawo, ina taka sawuna ina karanta Ayatul Kursiyyu, hulata kuwa tana can tana mirginawa hankali kwance, ta bar ƙasar ba fasfo.

Karen teku ko ɗaya ban gani ba. Mai tsaron wurin ya ce ai da jiya na zo.

Direba ya tausaya wa sanƙona ya sayar mini da rawaninsa, ya naɗa mini har hanci. Haka na shiga masauki, shadda ta koma ja da ƙurar tama. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, sarautar wane gari aka ba ka? Ka sauko ka ɗaure buhunan nan."