Matasan Zazzau, kafin mu ce a rufe TikTok mu leƙa kasafin kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman mu na Zariya da Sabon Gari, dan Allah ku ba ni aron hankalinku.

Duk sanda bidiyon wasu yara 'yan sakandare ya fita, ko aka watsa hoton 'yar mutane a guruf, sai kowa ya hau Facebook yana kumfar baki, wannan ya ce a rufe TikTok, wancan ya ce ina 'yan majalisa suke, a yi kwana biyu ana Allah wadai sai kuma a bi wani sabon zancen. To ku sani majalisar jiha ba ta da ikon rufe TikTok. Harkar sadarwa tsarin mulkin 1999 a hannun tarayya ya sa ta, dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi ma gyara a 2024 ma ta Abuja ce. Kuma ai mun ga rufewar, an dakatar da Twitter daga Yuni 2021 har Janairu 2022, mutane suka sauke VPN, wato manhajar da ke kewaye toshewar, suka ci gaba da harkarsu.

Abin da ke hannun 'yan majalisarmu 34 da ke zama a Lugard Hall shi ne kuɗi. Gwamna ke kawo kasafi amma sai sun amince ya zama doka, su ke kiran kwamishinoni su kare abin da suka nema, su ne kuma ya kamata su bi sawu. Zariya na da kujera biyu, Birni da Kewaye, Sabon Gari ma biyu, Sabon Gari da Basawa. Tsakani da Allah mu nawa ne muka taɓa tambayar onarebul ɗinmu nawa aka ware ma kare yara? In mun je wajensa kuɗin data muke nema ko rigar ƙwallo.

Dokar kare haƙƙin yara tana nan a Kaduna tun 2018, ba doka muka rasa ba. Amma doka ba kuɗi mota ce ba mai. Ku dubi yadda abin yake a unguwa. Yaro ɗan shekara 11 zai ɗauko wayar mamarsa ya kai shagon caji, mai shagon ya buɗe masa akawun na TikTok ko Facebook ya sa masa shekarar haihuwa 1998, alhali kamfanonin da kansu sun ce sai ɗan 13, shikenan yaro ya faɗa cikin manya ba mai kallonsa. Yarinya 'yar SS1 wani ya yaudare ta ta tura hoto, washegari ya ce ki turo kati ko in watsa, ta tura, jibi ya ƙara kuɗi. Wa za ta faɗa mawa? Baba dai tsoronsa take ji, Mama za ta ce kin kashe ni, a makaranta kuma in ma akwai malamar ba da shawara to ita ce dai ke fama da azuzuwa cike maƙil ba ta da ko ɗakin da yarinya za ta rufe ƙofa ta yi kuka. Wallahi wannan abin yana ci min rai, yarinya ta rame ta daina cin abinci a gida ana cewa aljanu ne.

Nan ne kasafi ya shigo. Ɗaukar malaman ba da shawara kuɗi ne, horar da su kan irin wannan barazana kuɗi ne, cibiyar Salama da ke asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan mai karɓar waɗanda aka ci zarafinsu ita ma da kuɗi take tafiya, har sanar da iyaye a rediyo cewa wajen yana nan. Kuma kar a ruɗe ku da an ware kaza, tambaya ta biyu ita ce nawa aka saki, don gwamnati na fitar da rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku, yana intanet, datar da muke ƙonawa a kallon rawa ta isa a sauke shi.

Sai kuma namu laifin. Kai da ke tura bidiyon nan guruf-guruf kana cewa don a ɗauki darasi, ji tsoron Allah, kai ne ke ƙarasa aikin mai barazanar. Allah ya hana mu son yaɗuwar alfasha cikin muminai, yana nan a Suratun Nur. Ka goge, ka kai rahoton akawun ɗin, in ka san gidan su yarinyar ka sami yayarta ko gwaggonta a asirce.

Shawarata kowace unguwa, daga Tudun Wada zuwa Gyallesu zuwa Samaru, a samu mutum huɗu ko biyar har da mata, a rubuta takarda shafi ɗaya a kai ofishin ɗan majalisa kafin ƙarshen shekara lokacin da ake kare kasafi, ba zagi ba roƙo. A tambaye shi makarantu nawa ne a mazaɓarsa ke da malamin ba da shawara, nawa aka sa ma Salama bana, nawa ya fita. A karɓi kwafi da hatimi, bayan wata uku a koma da ita a hannu.