An Ɗinka Babbar Riga An Bar Wuyan Yaro: Kukanmu Kan Hanyar Shiga Ikorodu

Ranar Talatar da ta wuce kwando huɗu na yi asara cikin goma sha biyu da na saro, kuma har yanzu zuciyata ba ta huce ba. Ba a gona tumatirin ya lalace ba, ba kuma a kan hanyar Arewa ba. Daga Kadawa ya taso, ya kwana biyu a bayan tirela, ya sha rana da girgiza na wajen kilomita dubu, ya iso kasuwar Mile 12 ta Legas da ransa. Ni na duba shi da hannuna bayan sallar asuba, na haska fitilar waya, na ɗaga ciyawar da aka rufe bakin kwando, na gan shi jajir, fata a tsaye. Abin da ya kashe shi 'yar tafiya ce daga Mile 12 zuwa Ikorodu. Mun bar kasuwa ƙarfe takwas saura, ban sauke kaya a unguwar Sabo ta Ikorodu ba sai da sha ɗaya ta gota. Awa uku kwanduna na jibge kan juna a cikin danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, rana na dukan rufin mota, ruwan tumatir na ɗiga ta ƙasan kujera yana jiƙa mini ƙafar wando.

Da na isa, matan da ke dafa abincin sayarwa, waɗanda su ne manyan masu cinikina, tuni sun saya a wani wurin sun tafi, don wutar murhu ba ta jiran kowa. Na ƙarshen kwandon duk ya farfashe, ya koma abin da Yarbawa ke kira esha, wanda sai an karya kuɗinsa sosai kafin a ɗauka. Wa zan kai wa ƙara? Dillalin da ya ba ni kaya bai cuce ni ba. Direba bai cuce ni ba, shi ma man da ya ƙona a tsaye daga aljihunsa ya fita, kuma kowa ya san yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Hanya ce ta cuce mu, ko in ce waɗanda suka zauna suka zana ta ba tare da sun tambayi kowa a cikinmu ba.

Ba zan yi butulci ba. Na san wannan hanya tun kafin a taɓa ta, lokacin da ramukan Owode da Majidun ke karya wa motoci ƙafa, kuma na ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwan kogin Ogun ya hau kan titi a Ajegunle, mutane suka koma shiga unguwanninsu da kwale-kwale. Da aka faɗaɗa ta zuwa layi shida, aka ware biyu na tsakiya wa manyan bas-bas da ake kira BRT, aka buɗe ta a watan Nuwamban 2015, mu ma mun yi murna, mun yi addu'a. Ma'aikacin da ke tashi daga Ikorodu zuwa cikin Legas da 'yar jakarsa a hannu ya samu sauƙi, wannan gaskiya ce. To amma ni da ke ɗauke da kwando fa? Ba ni da wurin zama a waccan motar, kwandon tumatir ba kayan da ake shiga da shi ciki ba ne. Mu muna layin gefe, tare da tirela da tanka da danfo da Keke, muna kallon layin tsakiya fayau, mu kuwa ko taku ɗaya ba ma yi.

Babban abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan. Tela ne aka ba wa shadda mai tsada, ya ɗinka babbar riga har ƙasa, ya bar mata wuya na yaro ɗan shekara biyar. Duk faɗin da aka yi wa hanyar nan, ƙarshenta shataletale ɗaya ne a wurin da ake kira Garejin Ikorodu. Can mai zuwa daga Legas zai zuba, can mai fitowa daga hanyar Shagamu zai zuba, can na cikin gari zai ɓullo, mai nufin Sabo da Itamaga da Ijede shi ma ta nan zai ratsa. Kuma hanyar Shagamun nan ba ta ƙananan motoci ba ce kawai. Ita ce hanyar masana'antun Odogunyan, ita ce hanyar Ogijo inda ake narka ƙarafa, inda 'yan uwanmu masu sana'ar gwangwan ke kai kaya a manyan motoci, ita ce ke kaiwa wajen defon mai na Mosimi. Duk wannan nauyi a wuya ɗaya!

Ba sai mutum ya yi karatun injiniya ba kafin ya gane yadda shataletale ke aiki, mu da muke kwana muna tashi a bakinsa mun haddace shi. Yana tafiya daidai ne idan mai shigowa ya dakata wa wanda ke cikin da'ira, kuma idan kowace mafita a buɗe take. Da zarar danfo biyu sun tsaya a bakin mafita ɗaya suna lodi, yaron mota na rataye a ƙofa yana kiran fasinja, shi ke nan. Wanda ke cikin da'ira ya rasa inda zai fita, sai ya tare wa na bayansa, na bayan ya tare bakin wata hanyar, kafin minti biyar da'irar ta kulle kanta, kan kowa na jikin wutsiyar wani. Daga nan gosulo zai miƙe baya, ya wuce tashar Aruna, ya kama ta Agric. Sai a yi ta zagin direbobin danfo, kuma ba na wanke su, akwai marasa kunya a cikinsu. Amma a gaya mini, ina aka tanadar masu da za su tsaya, wuri mai faɗin da zai ɗauke su duka, a daidai inda fasinja ke taruwa? Direba inda mutane suke yake tsayawa. In ka kai tasha inda ba kowa, ka bar bakin mararraba cike da jama'a, to a mararraba za a yi lodi ko da bulala ake tsaron wurin.

Agric ita ma haka. Duk jama'ar Isawo da unguwannin da ke bayanta, waɗanda suka yi ta gine-gine saboda haya ta kore su daga cikin Legas, ta wannan baki guda suke faɗowa kan babbar hanya. A Ogolonto kuma ga hanyar Ebute da Ipakodo, inda manyan motoci ke fitowa da kwantenonin da aka sauke daga ruwa. Tirela mai ɗauke da kwantena in za ta karya kwana, layi nawa take cinyewa? Duka. Kowa sai ya tsaya. Tunda kuma an katange tsakiyar hanya, wuraren juyawa ƙalilan ne, wanda gidansa ke tsallake sai ya yi doguwar tafiya kafin ya samu inda zai juyo. Abin da ke haifar da bin wanwe ke nan. Ranar Talatar nan abin da ya tsayar da mu ke nan: masu sammakon shiga Legas hannunsu ya cika, suka kwararo cikin namu, muka yi gaba da gaba, ba mai iya ja da baya. Laifi ne, kuma yana kashe mutane. Amma wanda ya zana hanyar da mutum zai ga ƙofar gidansa da ido ya kasa isa sai bayan rabin awa, shi ma yana da kaso a cikin alhakin.

Akwai wani dattijo ɗan dako, mutumin wajen Sakkwato, da ya daɗe yana ɗaukar mini kaya. Ya haura sittin, gemunsa fari tas, gammonsa wani tsohon rawani ne da ya naɗe. Wata safiya mota ta sauke mu a tsallaken da ba namu ba, saboda direba ya ce in ya tsaya a inda muka saba za a kama masa mota. Gadar masu tafiya a ƙafa na can da nisa. Na ga dattijon ya ɗora kwando a ka, ya tsaya a bakin kwalta yana duban gadar, yana duban titi, jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa.

Na ce, "Baba, don Allah mu bi ta gada, ko da za mu daɗe."

Ya ce, "Ɗana, sawu shida zan yi. In na hau can sau shida da wannan kaya, gwiwar nan ba za ta kai ni masallaci da azahar ba."

Haka ya ratsa, kwando a ka, hannu ɗaya a sama yana roƙon motoci, silifas ɗinsa ɗaya ya fita a tsakiyar titi bai ko waiwaya ba. Wata mota ta taka birki har ƙarar ta sa mata suka yi salati. Allah ya kiyaye. Ni da nake tsaye da sauran kwanduna, ƙafafuna rawa suke yi. Wannan bawan Allah da ire-irensa su ne ke ciyar da garin nan da wuyansu, amma a duk zanen da aka yi wa hanyar ban ga alamar an san da su ba. An yi lissafin mai mota, an yi lissafin mai jaka a hannu. Mai kwando a ka, da mai tura baro, da tsohuwa mai ciwon ƙafa, da mai goyo da kaya a hannu biyu, ba wanda ya tuna da su.

A da acaba na rage mana wani abu, mutum ya ɗaura buhun albasa ko na tattasai ya kutsa ta lungu. Tun watan Satumban 2022 aka hana acaba a ƙaramar hukumar Kosofe, inda kasuwar Mile 12 take. Ba zan tsaya gardama kan dalilin hanin ba, na san an yi haɗurra, na san an yi ɓarna. Abin da nake tambaya shi ne, da aka cire shi, me aka saka a gurbinsa domin ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu ɗaya ko biyu?

Sai ruwa. Duk wanda ya san yankin Owode zuwa Itowolo ya san fadama ce, kuma duk shekarar da aka saki ruwa daga madatsar Oyan da ke wajen Abeokuta, mutanen bakin kogin ba sa barci da ido biyu. Amma ba ma sai an kai ga haka ba. Ruwan sama na awa ɗaya ya isa, domin lambatu a cushe yake da yashi da leda da robobin ruwa. Mu ma 'yan kasuwa muna da laifi a nan, na faɗa a gaban shugabanninmu kuma zan sake faɗa, wanda ya zuba ruɓaɓɓen kaya a kwata kansa ya cuta. Sai dai lambatun da aka gina aka rufe, ba a dawo an yashe shi a kan kari ba, dole ya toshe. Ruwa ya kwanta a gefen titi, motoci su guje shi su matsu a layi ɗaya, kwalta ta jiƙa ta fara ɓarewa, rami ya buɗe, gosulo ya samu wurin zama.

Kullum kuma ana jin zancen manyan ayyuka. Gada ta huɗu da aka ce za ta haɗa yankin Lekki da Ikorodu, shekara nawa ana maganarta? Yaron da aka haifa lokacin da na fara jin labarinta yau ya isa aure. Allah ya sa a yi ta, ba na baƙin ciki da ita. Amma mu abin da ke kashe mu bai kai wannan girma ba. A janye lodi daga bakin shataletale, a ba danfo da Keke fili na gaskiya kusa da inda jama'a suke. A ware mana wurin sauke kaya wanda direba zai tsaya minti goma ba tare da gabansa na faɗuwa ba. A sa wa tirela da tanka lokacin shigarsu gari, kada su haɗu da masu sammako da 'yan makaranta. In an kafa danja a mararraba, a tabbatar tana ci ko babu wuta, kuma a auna lokacinta da yawan motocin kowane hannu, da safe daban da yamma daban. A samar da wurin tsallakawa a ƙasa inda mai kaya zai ratsa cikin aminci. Wanne ne a cikin waɗannan ya gagari jiha kamar Legas?

Kuma kafin a sake zana ko da taku ɗaya na hanyar nan, a zo a tambaye mu. Muna da Sarkin Hausawa, muna da shugabannin kasuwa, direbobi na da ƙungiya, matan kasuwa Yarbawa na da Iyaloja, wato shugabarsu. Ba taron otal nake nufi ba, inda za a yi Turanci a raba takarda a watse. Injiniyan da zai yi zanen ya zo Mile 12 ƙarfe biyar na asuba, ya shiga danfo tare da mu, kwando a kan cinyarsa, ya bi mu har Sabo, sau uku a mako guda, ɗaya a ranar da aka yi ruwa. Shekara goma sha bakwai ina bin hanyar nan, ina biyan kuɗin tikiti a kasuwa, ina biyan na sauke kaya, ina biyan haya, 'ya'yana a Ikorodu aka haife su. Ko sau ɗaya ba a taɓa tsayar da ni an ce, Malam, ina ne ya fi ba ka wahala a hanyar nan ba.

Dattijon nan ya daina zuwa tun bayan ƙaramar salla. Na tambayi 'yan ɗakinsu, suka ce gwiwar ce ta kumbura, an haɗa masa kuɗin mota ya koma gida. Yanzu wani yaro ne ɗan shekara goma sha tara ke ɗaukar mini kaya, kuma a daidai wurin da tsohon ke ratsawa shi ma yake ratsawa, da gudu, kwando a ka.